Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Ƙananan Yara Da Ma'aikatan Lafiya Kan Auna Ƙwarewar Yara Wajen Sarrafa Jiki

Zuwa ga malaman makarantun reno da na firamare, da masu koyar da darasin motsa jiki, da ma'aikatan lafiyar da ke duba ƙananan yara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wasu tambayoyi da kuke yi kusan kullum, waɗanda saboda sauƙinsu ba kasafai ake tsayawa a auna nauyin amsarsu ba. Kukan tambayi yaro ko ya iya gudu, ko ya iya cafe ƙwallo, ko ya iya tsalle da ƙafa ɗaya, shi kuwa ya gyaɗa kai cikin fara'a. Kukan juya ga mahaifiyarsa ko mahaifinsa ku tambayi yadda yake da jikinsa, a ce muku ai wannan ba ya zama wuri ɗaya, lafiyarsa ƙalau. Daga nan sai a rubuta cewa babu matsala, a kira na gaba. Roƙona gare ku shi ne ku ci gaba da yin waɗannan tambayoyi, domin suna da amfani, amma ku daina karɓar amsarsu a madadin kallon yaron da idanunku yana yin abin da aka ce ya iya.

Abin da nake nufi da ƙwarewar sarrafa jiki shi ne waɗannan ayyuka na tushe da sauran wasanni da hidimomin yau da kullum suke ginuwa a kansu: gudu, da tsalle, da jifa, da cafewa, da bugun ƙwallo da ƙafa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba, sannan da ƙananan ayyukan yatsu kamar riƙe fensir, da yanka takarda da almakashi, da ɓalla maɓalli, da ɗaure igiyar takalmi.

Bari in fara da yaron kansa. Masana halayyar yara sun daɗe da lura cewa yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai yakan ɗauki kansa gwani a kusan duk abin da aka tambaye shi. Susan Harter da Robin Pike, waɗanda suka fitar da wani ma'auni na hotuna a Amurka a shekarar 1984 don jin yadda ƙananan yara ke kallon iyawarsu, sun ga amsoshin yaran suna taruwa a can sama. Wannan ba ƙarya ba ce, ba kuma fankama ba. Yaro a wannan shekaru bai riga ya raba abin da yake so ya zama da abin da yake a yanzu ba, kuma bai saba ɗora kansa a sikeli da sa'o'insa ba. Abin da yake kwatanta kansa da shi shi ne jiya: jiya bai iya hawa matakala shi kaɗai ba, yau ya hau, saboda haka shi gwani ne. John Nicholls ya ƙara nuna cewa yara ƙanana suna ɗaukar ƙoƙari da iyawa abu ɗaya ne, sai wajen shekara goma sha ɗaya ko sha biyu suke rarrabe su sosai. Yaron da ya yi gudu har ya yi gumi, a wurinsa ya iya gudu ke nan, ko da kuwa shi ne ya zo na ƙarshe.

Tun daga lokacin an inganta hanyar tambayar. A shekarar 2015 Lisa Barnett da abokan aikinta a Ostareliya suka fitar da wani ma'auni da aka keɓe wa ƙwarewar motsi. Ana nuna wa yaro zane biyu, ɗaya na yaron da ya iya, misali, cafe ƙwallo, ɗaya na wanda ƙwallon ta suɓuce masa, a ce ya nuna wanda ya fi kama da shi, sannan a sake tambayarsa ko kamar ta yi yawa ko kaɗan ce. Dabara ce mai kyau, domin ba ta buƙatar yaro ya iya karatu, kuma tana tambayarsa a kan ainihin ayyukan da za a gwada shi a kansu. Duk da haka, da An De Meester da wasu masu bincike suka tattara nazarce-nazarce masu yawa suka haɗa sakamakonsu a shekarar 2020, sun sami cewa alaƙar da ke tsakanin abin da yara da matasa ke zaton sun iya da abin da gwaji ya nuna ba ta wuce kimanin 0.25 ba, a ma'aunin da sifili ke nufin babu alaƙa, ɗaya kuma ke nufin cikakkiyar dacewa. Alaƙa tana nan, sai dai mai rauni ce ƙwarai, ta yadda malamin da ya jera ɗalibansa bisa abin da suka faɗa game da kansu zai sa da yawa a inda ba wurinsu ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan nazari shi ne ba a ga ƙarfin alaƙar ya bambanta a fili saboda shekaru ba, alhali an daɗe ana tsammanin da yaro ya girma hukuncinsa zai daidaita da kansa. Ke nan bai kamata mu jingina da cewa lokaci zai gyara lamarin ba.

To, shin sai a zaunar da yaro a faɗa masa gaskiya, cewa bai iya ba? Ban ga haka ba, kuma a nan ne nake so ku yi hattara. A shekarar 2008 David Stodden da abokan aikinsa suka gabatar da wani tsarin fahimta da ya yi tasiri sosai a wannan fage. A taƙaice, sun ce yaron da yake jin ya iya yakan shiga wasa, shiga wasan yakan ba shi damar maimaitawa, maimaitawar takan ƙara masa ƙwarewa da ƙarfin jiki, ƙwarewar kuma ta sake ƙara masa ƙwarin gwiwa. Haka nan abin yake juyawa ta ɗaya ɓangaren: wanda ya yanke wa kansa hukuncin rashin iyawa yakan janye, janyewar ta hana shi koyo, tazarar da ke tsakaninsa da sa'o'insa ta yi ta faɗaɗa, kuma haɗarin ƙiba da zaman kashe jiki ya ƙaru. Idan haka ne, wannan yawan yarda da kai na ƙaramin yaro shi ne abin da ke riƙe shi a filin wasa har ya koya. Wanda ya karya masa shi da sunan faɗin gaskiya ya raba shi da abin da zai sa maganarsa ta zama gaskiya nan gaba. Amsar yaro tana gaya muku ko zai ci gaba da gwadawa ko ya fara sarewa, kuma wannan labari ne mai daraja wanda babu gwajin da zai ba ku shi. Abin da ba ta gaya muku shi ne matsayin ƙwarewarsa.

Akwai wurin da dole a yi togaciya, wato inda kuskuren ƙiyasi zai iya jawo rauni ko asarar rai. Jodie Plumert ta Jami'ar Iowa ta wallafa wani bincike a shekarar 1995 inda aka sa yara 'yan shekara shida da takwas su faɗi ko za su iya wasu ayyuka kafin su gwada, kamar miƙa hannu su ɗauko abin wasa daga kan kanta, ko taka ƙafa su ƙetare tazarar da ke tsakanin sanduna biyu. Yaran sun riƙa cewa za su iya ko da aikin ya wuce ƙarfinsu, kuma a cikin 'yan shekara shidan an ga alaƙa tsakanin yawan wannan kuskure da tarihin jin rauni ta hanyar haɗari. Saboda haka a bakin ruwa, da wajen tsallaka titi, da kan abin hawa mai tsawo, maganar yaro cewa ya iya ba hujja ba ce ko kaɗan.

Amma yaron da ya fi damuna shi ne wanda ba a jin muryarsa. A kowane aji akwai wanda idan aka fito da ƙwallo sai ya ja da baya, ya ce shi zai riƙe wa sauran kayansu, ko ya ce cikinsa na ciwo, ko ya koma wasan barkwanci don a yi dariyar da ya shirya da kansa maimakon a yi dariyar faɗuwarsa. Wasu daga cikin irin waɗannan yara lallai suna da rauni a ƙwarewa. Wasu kuwa ƙwarewarsu daidai take da ta kowa, sun dai yarda da wata kalma ce da aka taɓa jefa musu. Maganin na farko dabam yake da na na biyu, kuma babu yadda za a gane wanne ne wanne sai an sa yaron ya yi an gani.

Sai batun iyaye, wanda ya fi wannan sarƙaƙiya. Iyaye suna da abin da malami ko likita ba shi da shi, wato dogon zama da yaron. Uwa ta san tsawon lokacin da ɗanta ke ɗauka kafin ya sa tufafinsa da safe, ta san yawan zubar da ruwan da yake yi idan zai sha, ta san ko yana yawan karo da ƙofa da kujeru. A irin waɗannan al'amura na hidimar gida shaidarta tana da ƙarfi, kuma idan ta ce muku tana ganin akwai abin da ba daidai ba, ku saurare ta da kyau, ko da yaron ya yi muku kyau a 'yan mintocin da kuka gan shi. Inda hukuncin iyaye ke rauni shi ne wajen kwatantawa. Malami ya ga ɗaruruwan yara 'yan shekara shida, uba kuwa ƙila nasa biyu ko uku kawai ya sani da na maƙwabta, don haka bai da ma'aunin da zai san abin da ake tsammani daga mai wannan shekaru. Ga kuma so, wanda aka ce hana ganin laifi. Sannan iyaye da yawa suna ɗaukar ƙiriniya a matsayin ƙwarewa, alhali yaro na iya wuni yana tsalle-tsalle amma bai iya cafe ƙwallon da aka jefo masa a hankali ba.

Rashin ma'auni yakan kai ga kuskure ta fuska biyu. Wani lokaci yakan sa a tayar da hankali a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi yara fiye da 800 a Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ta wallafa sakamakon a shekarar 2006, inda ta nuna cewa lafiyayyun yara suna fara zama da kansu tsakanin kimanin wata huɗu zuwa tara, suna fara tafiya su kaɗai tsakanin kimanin wata takwas zuwa goma sha takwas, har ma kusan kashi 4 cikin ɗari ba su yi rarrafe a kan hannu da gwiwa ba sam kafin su miƙe. Uwar da ɗanta bai taka ba a wata goma sha huɗu, alhali na 'yar'uwarta ya taka a wata goma, ba ta da dalilin fargaba a kan wannan kaɗai. Wani lokacin kuma rashin ma'aunin yakan sa a yi shiru a inda ya kamata a yi magana, a ce ai haka mahaifinsa ya yi, zai ware da kansa.

Akwai kuma abin da iyaye ke ɗorawa a kan yaro tun kafin su kalle shi. A shekarar 2000 Emily Mondschein da Karen Adolph da Catherine Tamis-LeMonda suka yi wani ƙaramin gwaji a Jami'ar New York da jarirai 'yan wata goma sha ɗaya. An kawo wani katako mai gangara wanda ake iya ƙara masa tsayi ko a rage, aka ce kowace uwa ta saita shi daidai gangarar da take ganin jaririnta zai iya rarrafowa ya sauko. Uwayen jarirai maza suka kai ƙiyasinsu sama da abin da 'ya'yansu suka iya, uwayen jarirai mata kuwa suka yi ƙasa da shi. Da aka saki jariran a kan katakon, ba a sami bambanci tsakanin mazan da matan ba. Gwajin ƙarami ne, ba zan ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, amma abin da ya nuna ya dace da abin da Jacquelynne Eccles da abokan aikinta suka gani a tsawon shekaru, cewa ra'ayin iyaye game da iyawar ɗansu a wasanni yana shiga cikin ra'ayin yaron game da kansa. Gaskiya ne bincike ya sha nuna cewa a matsakaici yara maza suna gaba wajen jifa, tun suna ƙanana. Sai dai yarinyar da ba a taɓa miƙa mata ƙwallo ba saboda an riga an yanke cewa ba za ta iya ba, ita ma tana cikin wannan lissafi, kuma ba wanda zai ce an gwada ta da adalci.

Iyo shi ne misalin da ya fi tsoratarwa. Barbara Morrongiello ta Jami'ar Guelph a Kanada ta gano cewa iyayen ƙananan yaran da ke zuwa koyon iyo sukan ƙara yarda cewa 'ya'yansu za su iya kare kansu a ruwa yayin da darussan ke tafiya, har su ga kamar an rage buƙatar sa ido a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Duk mai koyar da iyo ya kamata ya gaya wa iyaye ƙarara abin da yaron ya iya da abin da bai iya ba tukuna.

Ga ku ma'aikatan lafiya musamman, ina tunatar da ku matsalar rashin daidaituwar motsin jiki, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da DCD. Ana ƙiyasta tana shafar kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na yaran da suka kai shekarun makaranta, wato a aji mai yara talatin ko arba'in ba abin mamaki ba ne a sami ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa takan zo tare da matsalar rashin natsuwa ko wahalar karatu. Waɗannan yara hankalinsu lafiya lau, amma rubutunsu ba ya karantuwa, suna jinkiri wajen sa kaya, kuma an fi kiransu malalata ko marasa kula fiye da a tura su wurin gwaji. Takardar tambayoyin da Brenda Wilson da abokan aikinta suka tsara a Kanada, mai suna DCDQ, tana da tambayoyi 15 da iyayen yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ke amsawa, kuma kyawunta shi ne tana tambaya a kan ayyuka takamaimai, tana kuma neman a kwatanta yaron da sa'o'insa. Amma waɗanda suka tsara ta sun yi ta ne don tacewa, ba don yanke hukunci ba. Bayanta ake bi da gwaji na zahiri irin su Movement ABC, wanda Sheila Henderson da David Sugden suka fitar a Birtaniya a 1992, aka sabunta shi a 2007, yana auna aikin yatsu, da saiti da cafewa, da daidaiton tsayuwa. Amsar iyaye ta buɗe ƙofa ce, hukuncin kuwa sai an ga yaron.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: aji cike yake, lokaci kaɗan ne, kayan gwaji kuma ba kowace makaranta ke da su ba. Sai dai kallon da nake nufi ba ya buƙatar kaya masu tsada, yana buƙatar sanin abin da za a kalla. Ku ɗauki jifa. Mafi yawanmu idonmu yana bin ƙwallon ne, mu ga inda ta faɗa. Gwajin TGMD da Dale Ulrich ya fitar a 1985, wanda bugunsa na biyu na shekarar 2000 ke auna ayyuka 12 ga yara 'yan shekara 3 zuwa 10, yana koya wa mai kallo ya bar ƙwallon ya dubi jikin. Yaron da bai ƙware ba yakan tsaya yana fuskantar gaba sak, ƙafafunsa biyu a dashe, ya ɗaga ƙwallon kusa da kunnensa ya tunkuɗa ta daga gwiwar hannu. Wanda ya ƙware kuwa yakan sauke hannun ya kai shi baya, ya juya ƙugu da kafaɗa har gefensa ya fuskanci inda zai jefa, ya taka da ƙafar da ke kishiyar hannun jifan, sannan bayan ya saki ƙwallon hannun ya ci gaba ya ratsa gaban jikinsa zuwa ɗaya gefen. Haka cafewa take: wani yana miƙa hannuwa ya tarbi ƙwallon da tafukansa, wani yana ware damatsa ya rungume ta a ƙirji yana kau da fuska, idanu a rufe. Yaro mai ƙarfi zai iya jefa ƙwallo nesa da mummunan tsari, uba ya yi ta alfahari, yayin da siririyar yarinya mai tsari mai kyau ba wanda ya lura da ita saboda jifanta bai yi nisa ba. Malamin da ya san waɗannan alamomi zai iya duba yara biyar ko shida a kowane darasi ba tare da ya tsayar da wasan ba, kafin zangon karatu ya ƙare ya zagaye ajin. Gani ya kori ji.

Amfanin kallon shi ne abin da zai biyo baya, domin waɗannan ayyuka ba sa zuwa da kansu kamar fitowar haƙori. Nazarin da Samuel Logan da abokan aikinsa suka haɗa a shekarar 2012 ya nuna cewa yaran da aka koya wa su da gangan sun sami ci gaba a fili, waɗanda kuwa aka bari da wasan sakaka kawai ba su sami irin wannan ci gaba ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki mai ɗan ƙarfi a kullum tana da wuyar cika ga yaron da ba ya jin daɗin wasa saboda kullum ƙwallo na kuɓuce masa.

Idan kun zo sanar da abin da kuka gani, ina roƙon ku bar kalmomin "ya iya" da "bai iya ba", ku yi magana a kan aikin. Ku ce wa yaro hannunsa yana tafiya daidai, saura ya taka da ɗaya ƙafar, ku nuna masa, ku bar shi ya maimaita. Wannan yana gyara ƙiyasinsa a hankali ba tare da ya kashe masa gwiwa ba. Ga iyaye kuma, maimakon ku tambaye su ko yaron lafiya yake da jikinsa, ku tambaye su ko yana ɗaure takalminsa da kansa, ko yana sauka daga matakala yana sauya ƙafa, ko yana gudun wasan ƙwallo idan sa'o'insa sun kira shi. Idan hali ya yi, ku gayyace su su tsaya kusa da ku a filin wasa na ɗan lokaci, ku nuna musu ƙafar da ya kamata su riƙa kallo. A takardar yaro kuwa, ku ware wuri uku: abin da ya ce game da kansa, abin da iyayensa suka ce, da abin da kuka gani da ranar da kuka gan shi. Inda ukun suka saɓa sosai, ku sake duba yaron bayan 'yan makonni, in saɓanin ya ci gaba ku tura shi wurin wanda zai yi masa cikakken gwaji.

Wassalam.

Naku,
Wani uba mai bibiyar al'amuran tarbiyya da lafiyar yara